Ɓarauniyar Ƙofa a Zuciyar Manhaja

Ba kowane abin da ɗan'adam yake amfani da shi ba ne yake iya bincikawa da kansa. Mai shan magani bai ga lokacin da aka haɗa shi ba, haka nan fasinjan da ya shiga mota a tasha bai leƙa ya duba birki ba. Zaman duniya bisa amana yake tafiya, domin da za a ce kowa sai ya tantance komai kafin ya taɓa, da ba a yi kasuwa ba, ba a kuma yi tafiya ba. Sai dai akwai wata amana da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a rai, saboda mun ba da ita ne ba tare da mun san mun bayar ba. Ita ce wadda muka damƙa wa kwamfuta da wayar hannu. A cikinsu muke ajiye kuɗinmu da sirrin iyalanmu, kuma malamin makaranta a yau a ciki yake ajiye tambayoyin jarrabawa da makin ɗalibansa.

Kowace kwamfuta, har da wayar da ke aljihun mai karatu, tana da wata babbar manhaja da ke tafiyar da ita. A tsakiyar wannan manhaja akwai wani sashe da masana ke kira kanel, wanda ni zan kira zuciyar manhaja. Ita ce ke raba wa sauran manhajoji lokacin aiki da wurin ajiya, ita ke magana da kyamara da makirufo da allon na'ura, ita ce kuma ke yanke hukunci a kan wanda zai buɗe wane fayil. Matsayinta kamar na mai riƙe da makullan dukkan ɗakunan gida ne. Hatta manhajar da aka saka domin kama ɓarayi, ita ma zuciyar take tambaya abin da ke faruwa. Ke nan idan zuciya ta yi ƙarya, babu wanda zai ƙaryata ta daga cikin gidan. Wannan ne ya sa masu mugun nufi suke kwaɗayin su kafa ɓarauniyar ƙofa a nan, wato wata ɓoyayyiyar hanya da aka bari da gangan domin mai ita ya riƙa shiga ba tare da izini ba.

Zuciyar manhajar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce Linux. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, shi ya fara rubuta ta a shekarar 1991, kuma fitowarta ta farko ba ta wuce layi dubu 10 da 'yan kai ba. A shekarar 2025 ta haura layi miliyan 40. A kanta aka gina Android, a kanta kuma akasarin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet suke aiki. Abin da ya bambanta ta da irin su Windows shi ne buɗaɗɗiya ce: rubutunta na asali yana fili, kowa yana iya karantawa, kowa kuma yana iya aika gyara, wanda a tsakaninsu suke kira faci. Masoyanta suna cewa wannan shi ne tsaronta, domin abin da dubban idanu suke kallo ba a iya ɓoye komai a cikinsa. Bahaushe ma ya ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ina cikin masu fifita buɗaɗɗiyar manhaja a kan rufaffiya, amma wannan hujja ta yawan idanu ba ta gamsar da ni ba. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin duba takardar jarrabawa ya san cewa mutum goma suna iya karanta shafi ɗaya, kuskure ya wuce su duka, domin kowa ya sakankance cewa na kusa da shi ya duba. Abin da ya faru a shekarar 2003 ya isa misali.

A watan Nuwamba na shekarar, masu aikin Linux suna ajiye babban kundinsu ne a cikin wata manhaja mai suna BitKeeper. Saboda waɗanda ba sa son amfani da ita, sai aka tanadi wani kwafi na biyu a wata kwamfuta daban, wanda ake sabuntawa daga babban kundin. Wani mutum ya kutsa cikin kwamfutar da ke ɗauke da kwafin, ya ƙara layi biyu kacal a wani sashe da ake kira wait4. Duk wanda ya kalli layukan zai ɗauka ƙaramin binciken kuskure ne irin wanda ya cika rubutun: idan aka zo da wasu zaɓuɓɓuka biyu a haɗe, kuma mai buƙatar shi ne mai lamba sifiri, to a mayar masa da amsar kuskure. A tsarin Linux, mai lamba sifiri shi ne mai cikakken iko a kan na'ura, babu ƙofar da ke rufe a gabansa.

Makircin yana cikin alama ɗaya. A harshen C, wanda da shi aka rubuta Linux, alamar daidai guda biyu a jere (==) tambaya ce: shin wannan daidai yake da wancan? Alama guda ɗaya (=) kuwa umurni ce: mayar da wannan ya zama wancan. Mai kutsen ya rubuta guda ɗaya. Saboda haka, maimakon layin ya tambaya ko mai buƙatar shi ne mai lamba sifiri, sai ya naɗa shi mai lamba sifirin, ya kuma wuce shiru ba tare da nuna wani kuskure ba. Ɗalibin Hausa ya fi kowa sanin irin wannan. Lanƙwasa ɗaya ce ta raba kafa da ƙafa, ita ce kuma ta raba baki da baƙi. Ido yakan ga kalmar da yake sa ran gani, ba wadda aka rubuta ba. Ga shi kuma manta alama ɗaya kuskure ne da kowane mai rubuta manhaja yakan yi, don haka ko an kama mutum yana iya rantsewa cewa tuntuɓen alƙalami ne.

To me ya tona asirin? Ba dubban idanu ba ne. Larry McVoy, mai kamfanin da ya ƙera BitKeeper, shi ya lura cewa akwai canji a kwafi na biyu wanda ba shi da asali a babban kundi. Kowane gyara na halal yana da bayanin inda ya fito, wannan kuwa ba shi da uwa ba shi da uba. Da farko ma ba a ɗauki abin da zafi ba, sai da wasu suka sake karanta layukan a tsanake sannan suka gane abin da ake nufi da su. Gyaran bai taɓa shiga babban kundin ba, kuma har yau ba a san wanda ya yi shi ba. Abin lura a nan shi ne rajista ce ta kama ɓarawon. Da a ce ya bi ta ƙofar gaba, ya aiko da layukan nan a cikin wani dogon faci mai amfani, wa zai iya cewa ba za su wuce ba?

Bayan wannan, tsarin ajiye tarihin gyare-gyare ya ƙara ƙarfi, ko da yake ba wannan lamari kaɗai ne dalili ba. Daga shekarar 2004 aka wajabta wa duk mai aiko da faci ya sa sunansa a ƙarƙashinsa, haka ma duk mai kula da sashe da facin ya bi ta hannunsa. A 2005 Torvalds ya ƙirƙiro Git, manhajar da ke ba kowane gyara wata lamba da ake lissafowa daga abin da ya ƙunsa da kuma duk abin da ya gabace shi, ta yadda in an taɓa harafi ɗaya a baya, lambobin gaba duka za su saɓa. Amfanin wannan ya bayyana a 2011, lokacin da aka kutsa cikin kwamfutocin da ake rarraba Linux daga cikinsu. Dubban mutane suna da kwafin tarihin a hannunsu, don haka aka iya gwadawa aka ga ba a sauya rubutun ba.

Amma rajista tana faɗin wanda ya rubuta ne, ba ta faɗin abin da ke zuciyarsa. A 2016 aka gano wata ɓaraka a Linux da aka yi wa laƙabi da Dirty COW, wadda ke ba ƙaramin mai amfani damar zama mai cikakken iko. Ta shekara tara tana zaune a fili, tun 2007. Ba a sami wata shaidar cewa da gangan aka yi ta ba, kuskure ne. Sai dai ta fuskar wanda aka yi wa sata, mene ne bambancin ƙofar da aka manta a buɗe da wadda aka bari a buɗe? Wannan rashin bambanci shi ke ciyar da zargi. A watan Disamba na 2010, Theo de Raadt, jagoran wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna OpenBSD, ya wallafa wasiƙar da wani tsohon ɗan kwangila ya aiko masa, mai zargin cewa hukumar FBI ta Amurka ta biya wasu domin su saka ɓarauniyar ƙofa a sashen ɓoye saƙonni shekara goma da suka wuce. Aka bi rubutun aka bincika, aka sami kurakurai aka gyara, amma ba a tabbatar da ƙofar ba. Haka nan a 2013, shekarar da Edward Snowden ya fallasa ayyukan leƙen asirin Amurka, an tambayi Torvalds a wani taro a birnin New Orleans ko wata gwamnati ta taɓa neman ya saka irin wannan ƙofa. Ya ce a'a da baki, yana gyaɗa kai alamar e, jama'a suka kwashe da dariya. Daga baya ya ce raha yake yi. Na yarda raha ce, amma raha ba ta ba da dariya sai in akwai abin da kowa ke tsoro a ƙarƙashinta.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan zurfi, wadda Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya bayyana a jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Turing, wanda aka buga a 1984. Na'ura ba ta fahimtar rubutun da mutum yake karantawa. Akwai wata manhaja a tsakani da ke juya shi zuwa harshen na'ura, aikinta kamar na tafinta. Thompson ya nuna cewa ana iya koya wa tafintan ha'inci: duk lokacin da ya zo fassara sashen da ke tantance masu shiga, sai ya ƙara ɓarauniyar ƙofa daga wajensa. Bugu da ƙari, tun da shi ma tafintan wani tafinta ne yake fassara shi, ana iya koya masa ya riƙa dasa wannan hali a cikin duk sabon tafintan da ya fassara. Daga nan sai a goge makircin daga rubutu. Rubutu ya zama tas, ha'inci kuwa yana ta gado daga tafinta zuwa tafinta. Wanda ya san labaran zamanin Turawan mulki, lokacin da talaka da Bature ba sa jin juna sai ta bakin mutum ɗaya, ba ya bukatar dogon bayani a kan ikon tafinta. An sami hanyoyin rage wannan haɗari. Ɗaya ita ce a ba tafintoci biyu da ba su haɗa asali ba aiki ɗaya, a gwada sakamakon. Wata kuma ita ce a tsara aikin fassarar yadda duk wanda ya maimaita shi zai sami abu iri ɗaya daidai-wa-daida, aikin da masu Debian suka duƙufa a kai tun 2013.

Duk da haka, a ganina raunin da ya fi girma ba a na'ura yake ba, a mutane yake. A 2020 wasu masu bincike na Jami'ar Minesota ta Amurka suka aika wa masu kula da Linux gyare-gyare masu ɓoyayyen aibi da sunayen bogi, wai domin su gwada ko za a gane. Da rigimar ta ɓarke a watan Afrilu na 2021, Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya haramta wa jami'ar baki ɗaya aiko da gyara, aka kuma koma aka sake duba ɗaruruwan gyare-gyaren da mutanenta suka taɓa aikowa. Masu binciken sun nemi gafara, sun janye takardarsu. Wasu sun ce hukuncin ya yi tsauri, tun da akasarin gyare-gyaren an same su lafiya lau. Ni dai ina ganin mutanen da ke karɓar aiki daga baƙi ba su da wani makami in ba janye yarda ba, kuma wanda ya yi gwaji da amanar mutane ba da saninsu ba bai kamata ya yi mamakin fushinsu ba.

Lamarin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na 2024. Bai faru a zuciyar manhajar kanta ba, a maƙwabciyarta ya faru, wato wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya shafe shekaru yana kula da ita a matsayin aikin sa-kai. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana, ya fara aiko da gyare-gyare masu kyau. A 2022 sai wasu sunaye da ba a san su ba suka riƙa aiko da saƙonni suna ƙorafin cewa aiki ba ya sauri, suna matsa wa Collin lamba ya sami mataimaki. Ga gajiya, ga matsi, ga kuma mutumin kirki a gefe yana aiki ba ya neman komai. Sannu a hankali Jia Tan ya zama abokin riƙo, har ya kai shi ke fitar da sabon zubi. Da ɗan gari akan ci gari, in kuwa babu ɗan garin da za a saya, ashe ana iya haƙurin shekara biyu a zama ɗan garin.

A watannin Fabrairu da Maris na 2024 ya fitar da zubi na 5.6.0 da na 5.6.1. Bai saka makircin a inda masu karatu suke dubawa ba. Ya ɓoye shi ne a cikin fayilolin gwaji, waɗanda ba rubutu ba ne da ido ke karantawa, sannan ya saka abin da zai tayar da shi a cikin ƙunshin da ake rarrabawa, ba a kundin da jama'a ke gani ba. Manufar ita ce ya sami damar shiga kwamfutoci daga nesa ta hanyar da masu kula da su ke shiga. A cikin watan Maris ɗin ne ma aka aika da buƙatar saka sunansa cikin jerin masu kula da sashen xz da ke cikin zuciyar Linux. Wanda ya tona asirin wani injiniya ne Bajamushe mai aiki da Microsoft, Andres Freund, kuma ba farautar ɓarayi ya fita ba. Yana auna saurin wata manhajar ajiye bayanai ne, sai ya lura cewa shiga kwamfutarsa daga nesa yana ƙara ɗaukar kimanin rabin daƙiƙa, kuma na'urar tana wahala fiye da kima. Mutum nawa ne za su tsaya saboda rabin daƙiƙa? Shi ya tsaya, ya bi diddigi, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris. A lokacin gurɓataccen zubin bai kai ga tsayayyen zubi na irin su Debian da Fedora ba. Har yau ba a san ko wane ne Jia Tan ba, ko mutum ɗaya ne ko ƙungiya.

Wani zai ce, to ai wannan hujja ce a kan buɗaɗɗiyar manhaja, gara a koma ga kamfani mai suna da adireshi. Ban yarda ba. Kamfanin Crypto AG na ƙasar Suwizalan ya shafe shekaru yana sayar wa ƙasashe sama da 120 na'urorin ɓoye saƙo, sai a 2020 aka fallasa cewa tun 1970 hukumar CIA da takwararta ta Jamus ta Yamma suka saye shi a asirce, suna karanta abin da abokan cinikin ke aikawa. A watan Disamba na 2015 kamfanin Juniper ya sanar da cewa ya sami rubutun da bai ba da izininsa ba a cikin manhajar na'urorinsa na tsaro, kuma wani ɓangarensa ya kai shekara uku a ciki. Masu sayen waɗannan kayayyaki ba su da damar dubawa ko da sun so. Freund kuwa ya iya bin rabin daƙiƙarsa har gindinta ne saboda babu wanda ya rufe masa ƙofa, kuma bai nemi izinin kowa ba kafin ya yi magana. Buɗewa ba ta hana a yi makirci, amma tana ba wanda ya ji wari damar ya bi shi. Abin da ba ta samarwa shi ne mutumin da zai bi warin, da abin da zai ci yayin da yake bi. Kamfanonin da ke samun biliyoyi a kan wannan manhaja sun bar wani ginshiƙinta a wuyan mai aikin sa-kai guda ɗaya, kuma ta nan bango ya tsage.

Saura tambayar da ta shafe mu kai tsaye. Ko da Linux ta fito daga hannun masu ita tsarkakakkiya, tafiyar da ke tsakaninta da aljihunmu doguwa ce. Kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar waya yana ƙara nasa, mai haɗa wayar yana ƙara nasa, shi ma yakan ba wasu 'yan kwangila wani ɓangare na aikin, kuma da yawa daga cikin waɗannan ƙare-ƙare rufaffu ne. A 2019 Google ya tabbatar da cewa an sami wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wasu wayoyin Android tun daga masana'anta, ta hannun wani ɗan kwangila. A 2020 wani kamfanin tsaro ya ba da rahoton samun ta a cikin dubban wayoyi samfurin Tecno W2 a ƙasashen Afirka, ciki har da Gana da Kamaru, inda take cinye wa mutane kuɗin data tana kuma ƙoƙarin yi musu rajistar abin da ba su nema ba. Kamfanin da ke ƙera wayar ya ce daga wajen wani mai kawo masa kaya abin ya fito, ya kuma fitar da gyara. Masu waɗannan wayoyi ba su sauke komai ba, ba su latsa wani mugun saƙo ba. Sabuwa suka saya a cikin kwalinta.

Malamin da zai shiga aji gobe ba zai karanta layi miliyan 40 ba, ni ma ba zan karanta ba. Amma idan makarantarsa za ta sayi kwamfutoci ko wayoyi, yana iya tambayar wa ya saka manhajar da ke ciki, daga ina ya samo ta, kuma shekara nawa mai na'urar ya yi alkawarin aiko da gyaran tsaro. Tambaya ta ƙarshen nan ta fi sauran nauyi a wajenmu. An toshe ɓarakar Dirty COW a babban kundin Linux a watan Oktoba na 2016, amma wayar da kamfaninta ya daina aiko mata da gyara kafin wannan lokaci tana nan da ɓarakarta, ko da an canza mata batir da gilashi an sake sayar da ita a kasuwa.